Na juya kod daga Python zuwa Java amma lissafi ya ƙi zuwa daidai, ina mafita?

Tambayar ɗan'uwanmu a taƙaice ita ce: yana da furogiram da aka rubuta da Python, yana karanta fayil-fayil na bayanan ciniki, ya yi lissafi, ya fitar da rahoton wata. Yanzu a wurin aikinsu an ce komai ya koma Java saboda sauran tsarin nasu duk da Java aka gina. Ya zuba wa AI kod ɗin ta juya masa, ya yi kamfail lafiya lau babu jan rubutu ko ɗaya, amma alƙaluman da sabon yake fitarwa ba sa zuwa daidai da na tsohon. Shi ne yake tambaya ko akwai wata manhajar da ta fi wannan iya juyawa, ko kuwa ya haƙura ya zauna ya sake rubutawa daga farko.

To malam, amsata kai tsaye ita ce ba neman wata manhaja ce ta kama ka ba yanzu, kuma kar ka sake rubutawa daga farko. Abin da ya same ka shi ne abin da yake samun kusan duk wanda ya taɓa wannan aikin: ka ɗauka in kod ya yi kamfail to aiki ya ƙare, alhali kamfaila, manhajar da take mayar da kod ya zama abin da kwamfuta za ta gudanar, nahawu kawai yake dubawa, wato ko ka rufe baka inda ka buɗe, ko nau'in abin da ka zuba ya dace da mazubinsa. Bai san me tsohon furogiram ɗinka yake yi ba kuma ba ruwansa. Abin da kake son ɗaukowa daga Python zuwa Java hali ne, wato in an ba shi kaza ya fitar da kaza, kuma yarukan nan biyu akwai wurare da yawa da rubutunsu yake kama da juna sak amma halinsu daban. Nan ne alƙalumanka suke zubewa, ina da yaƙini a kai tun kafin in ga kod ɗin.

Fara da rabawa tunda lissafi kake yi. A Python 3 in ka rubuta 7 / 2 zai ba ka 3.5, a Java in duka lambobin int ne, wato cikakkun lambobi marasa ɗigo, zai ba ka 3 ya zubar da sauran, shiru, ba gargaɗi ba komai. Wannan yawanci AI tana kamawa in ta ga lambobin a fili, amma in suna cikin bariyabul ne da aka kawo daga wani fayil can daban sai ta yi hasashen nau'insu, in ta yi hasashen int shikenan an tafi da rabin ka. Sai lambobin da suke ƙasa da sifili, wanda ku masu lissafin ciniki dole kuna da su saboda kayan da aka dawo da su ko bashi: -7 // 2 a Python -4 ne, a Java -7 / 2 kuma -3 ne, saboda Python yana gangarawa ƙasa ne shi kuma Java yana yankewa ya nufi sifili. Haka ma ragowa, -7 % 3 a Python 2 ne a Java -1 ne. Maganin wannan yana nan cikin Java tun fitowar Java 8 a 2014, Math.floorDiv da Math.floorMod, su ne suke yin irin halin Python.

Sai cike lamba, wanda ni a ganina shi ne na farko da ya kamata ka zarga in bambancin da kake gani ɗan kaɗan ne a kowane layi amma yana taruwa a jimla. Python 3 in lamba ta faɗo tsakiya daidai yana kai ta ga lambar da take rabuwa biyu ne, shi ya sa round(2.5) yake ba da 2, round(3.5) kuma 4. Math.round(2.5) a Java 3 yake bayarwa. Layi ɗaya ba za ka lura ba, layi dubu hamsin kuwa jimla ta kauce. Kuma in tsohon kod ɗin yana amfani da Decimal ne don kuɗi, duba da kyau ko an mayar maka da shi double, wato nau'in lamba mai ɗigo na Java, don wannan kuskure ne babba, double ba ya iya riƙe 0.1 daidai, shi ya sa 0.1 + 0.2 yake ba da 0.30000000000000004 a yarukan biyu duka. Abin da ya dace shi ne BigDecimal, amma shi ma fa yana da nasa tarkon. In ka rubuta new BigDecimal(0.1) ka riga ka shigo da dattin double ɗin ciki, sai dai ka ba shi a matsayin rubutu, new BigDecimal("0.1"). In ka raba 1 da 3 ba ka faɗa masa gurbi nawa zai tsaya ba zai jefo maka ArithmeticException, alhali Decimal na Python da kansa yake tsayawa a lambobi 28. Sannan 2.0 da 2.00 a Python daidai suke, a BigDecimal kuwa equals zai ce maka ba ɗaya ba ne, sai ka yi amfani da compareTo. Ka ga duk wannan babu wanda kamfaila zai yi maka magana a kai.

Akwai kuma girman lamba. Python cikakkiyar lambarsa ba ta da iyaka sai inda memori ya ƙare. int na Java kuwa yana tsayawa a 2,147,483,647, ka ƙara masa 1 sai ya juya ya koma -2,147,483,648 ya ci gaba da tafiya abinsa. In kuna ajiye kuɗi a ƙaramin ma'auni don guje wa ɗigo, jimlar wata guda tana iya wuce nan cikin sauƙi. Yi amfani da long, wanda ya fi int ɗaukar lamba ƙatuwa, in kuma kana so ya yi ihu maimakon ya juya a ɓoye to Math.addExact. Rabawa da sifili ma haka, Python zai tsaya ya ce ZeroDivisionError, kuma mai yiwuwa tsohon kod ɗinka yana kama wannan kuskuren ya sa 0 a gurbin, to a Java 1.0 / 0 ba kuskure ba ne, Infinity yake bayarwa, 0.0 / 0 kuma NaN, wato "ba lamba ba", don haka wurin kamun da aka juya maka ba zai taɓa aiki ba, sai ka ga NaN ta shiga jimla ta lalata duk abin da ta taɓa.

Bari in zo kan karanta fayil, don nan ma ina zargi sosai. Ɗauki layi kamar "a,b,," wato gurabe huɗu biyun ƙarshe babu komai. split(",") na Python zai ba ka abu huɗu. Na Java zai ba ka biyu kacal, saboda yana zubar da fankon da ke ƙarshe sai in ka rubuta split(",", -1). Kuma abin da kake ba split na Java ba rubutu zalla ba ne, regex ne, wato tsarin neman rubutu inda alamomi irin . da | suke da ma'ana ta musamman, don haka split(".") zai dawo maka da jeri fanko, split("|") kuma ya yayyanka maka rubutun harafi-harafi. Yanzu ka haɗa wannan da wani hali na Python, inda jeri[-1] yake nufin na ƙarshe: in an juya shi zuwa "na ƙarshe" a Java daidai, amma jerin ya riga ya gajarce, to gurbin da kake ɗauka ba shi ne wanda tsohon yake ɗauka ba, kuma babu abin da zai faɗi.

Wani da yake wuce idon mutane shi ne if x: na Python. Wannan ɗan layin yana nufin x ba None ba ne, ba 0 ba ne, ba rubutu fanko ba ne, ba jeri fanko ba ne, duka a lokaci guda. Sau da yawa sai a juya shi zuwa x != null kawai, sai layukan da tsohon yake tsallakewa saboda sifili ne su fara shiga lissafi, matsakaici ya canja tunda yawan layukan ya ƙaru. Sannan == a Java in kan abubuwa ne irin String ko Integer ba ƙima yake gwadawa ba, yana duba ko abu ɗaya ne a memori. Abin haushin shi ne Integer daga -128 zuwa 127 Java yana ajiye su a wuri guda, don haka gwajinka da ƙananan lambobi zai wuce lafiya, ranar da lamba ta kai 128 sai ya ce ba daidai ba.

Tsarin jeri ma abin dubawa ne: dict, mazubin da ake ajiye kowane abu da makullinsa, tun Python 3.7 yana riƙe abubuwa yadda aka zuba su, takwaransa HashMap na Java bai yi maka wannan alkawarin ba, LinkedHashMap ne ya yi. Ranakun mako da watanni, weekday() na Python Litinin 0 ce, a java.time Litinin 1 ce, tsohon Calendar na Java kuma Janairu 0 ne. Haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ da ɓ in suka koma alamar tambaya ko wasu tarkace, to ba a faɗi UTF-8 a fili ba ne wurin buɗe fayil, don kafin Java 18 abin ya danganta ne da saitin kwamfutar da ake kai.

In kuma tsohon yana amfani da pandas, laburaren Python na sarrafa bayanan tebur, to nan aikin ya fi nauyi, gaskiya. Layi ɗaya na pandas yana ɗauke da shawarwari da yawa da ba a rubuta ba. sum yana tsallake gurbin da babu komai, groupby yana jera sakamako da kansa kuma yana zubar da layukan da makullinsu fanko ne sai in an hana shi. Wanda ya rubuta kod ɗin ma wataƙila bai san ya dogara da waɗannan ba. Babu laburaren Java da zai yi maka duk wannan sak, kowace shawara sai ka gano ta ka rubuta ta da hannu. A aikin juya kod, yaren kansa shi ne sashe mai sauƙi, laburare ne suke cin lokaci.

Yanzu ga yadda zan yi in ni ne a kujerarka. Tsohon furogiram ɗin kar ka taɓa shi, kar ka gyara masa komai ko da ka ga kuskure ƙuru-ƙuru, don daga yau shi ne alƙali. Tara fayilolin gaske na watannin baya iya yawan da za ka samu, ka haɗa da na ɓarna da ka ƙirƙira da gangan: layi mai gurbi fanko, lamba ƙasa da sifili, lamba ƙatuwa, sifili a inda ake rabawa, kwanan wata na 29 ga Fabrairu, suna mai ƙugiya, fayil da babu komai a ciki sai kan layi. Ka zuba wa tsohon duka ka ajiye abin da ya fitar. Wannan ajiyar ita ce ma'auninka. Duk lokacin da ka taɓa sabon, ka zuba masa fayilolin nan ka sa kwamfuta ta gwada sakamakon biyu, ba da ido ba, ido yana gajiya kuma yana yafiya.

Kuma kar ka tsaya kan rahoton ƙarshe kawai, don in jimla ta bambanta ba za ta faɗa maka daga ina ba. Sa kowanne ya riƙa fitar da abin da ya samu a kowane mataki, bayan karanta fayil layi nawa ya samu, bayan tacewa nawa suka rage, bayan haɗa rukuni me kowane rukuni ya tara. Matakin farko da lambobin suka rabu, nan matsalar take. Sau da yawa za ka tarar tun a ƙirga layuka aka rabu, kafin ma a fara lissafi.

Sannan juyawar ka yi ta fankshin-fankshin, ka fara da na ƙasa waɗanda ba sa kiran kowa, ka tabbatar da su, sannan ka hau sama. Ka bar sunaye da tsari yadda suke a tsohon ko da Java ɗin zai fito da muni, saboda kana so ka iya ajiye biyun gefe da gefe ka bi layi-layi. Na san zuciya za ta riƙa raya maka cewa tunda ga ka a ciki bari ka gyara tsarin gaba ɗaya ka ƙara abu kaza, don Allah ka danne, ba a tauna taura biyu a lokaci guda. In ka canja yare kuma ka canja tsari a tare, sakamako ya bambanta, ba za ka san wanne ya jawo ba. Kurakuran tsohon da ka gano ka rubuta su a gefe, ka kwafe su yadda suke cikin sabon, bayan biyun sun zo daidai sai ka gyara su ɗaya bayan ɗaya da sanin masu amfani da rahoton, don wani lokacin abin da kake gani kuskure ne wani sashe ya shekara yana gina nasa lissafin a kai.

Wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne, haka manyan ayyuka suka bi. Kamfailan yaren Go da C aka fara rubuta shi, da za su mayar da shi Go a fitowar 1.5 a 2015 ba su sake rubutawa ba, sun gina manhajar juyawa ta musamman don wannan kod ɗin kaɗai, suna gwada abin da sabon kamfaila yake fitarwa da na tsohon. Kod ɗin da ya fito ba Go mai kyau ba ne, su da kansu sun faɗa a sanarwar fitowar cewa kamfail zai yi jinkiri kusan ninki biyu, suka karɓi hakan, suka yi ta gyarawa a fitowar da suka biyo baya. Haka a Maris 2025 da Microsoft suka sanar suna mayar da kamfailan TypeScript zuwa Go don samun sauri kusan ninki 10, sun bayyana cewa ɗauko kod ɗin suke yi da tsarinsa ba sabon rubutu ba, kuma cikin dalilan zaɓen Go har da cewa salon tsohon kod ɗin yana zama a cikinsa ba tare da an wargaza shi ba. Mutanen da suka ƙirƙiri yaruka kenan fa, amma ba su yarda su dogara da ƙwaƙwalwarsu wajen tuna duk abin da tsohon yake yi ba.

Game da manhajojin juyawa, suna da amfani amma ka san inda ƙarfinsu yake. Suna yin kyau ne in yarukan biyu 'yan gida ɗaya ne. Mai juya Java zuwa Kotlin da ke cikin Android Studio yana aiki sosai saboda duka biyun kan JVM suke gudu, wato manhajar da take gudanar da Java, laburarensu ɗaya, lambobinsu ɗaya. TypeScript zuwa JavaScript kullum ake yi ba wanda yake fargaba, don dama an gina shi ne don haka. Amma dubi Python 2 zuwa Python 3, yare ɗaya ne fa, har da manhajar 2to3 aka bayar, duk da haka Python 3 ya fito a 2008 ba a rufe Python 2 ba sai 1 ga Janairun 2020, kuma babban abin da ya riƙe mutane shi ne bambancin rubutu da bayit, wanda manhaja ba za ta iya yanke hukunci a kai ba sai ta san nufin mai kod. c2rust yana juya C zuwa Rust amma abin da yake fitowa cike yake da unsafe, alamar kod ɗin da Rust ba ya tabbatar da amincinsa, wato ka isa Rust amma amincin da ya kai ka can sai ka zauna ka gina shi da hannu. To Python da Java sun fi waɗannan nisa, ɗaya sai lokacin gudu yake sanin nau'in abu, ɗayan dole ka faɗa masa tun kafin ya tashi.

AI kuma ban ce ka bar ta ba, ni ma ina amfani da ita kuma tana rage wahala ƙwarai. Bambancinta da waɗancan manhajojin shi ne su in sun kasa sukan tsaya ko su bar maka alama, ita kuwa ba ta tsayawa, za ta ba ka kod mai tsabta mai kyan gani ko ta gane ko ba ta gane ba, wani lokacin ma ta gyara abin da take ganin kuskure ne ba ta faɗa maka ba, ko ta kira fankshin da babu shi a laburaren. Don haka ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, ka faɗa mata nau'in kowane abu da yake shiga da wanda yake fita, ka ce mata kuɗi BigDecimal ne da HALF_EVEN, wato cikewa zuwa lambar da take rabuwa biyu, in haka tsohon yake yi, ka ce kar ta gyara komai, sannan ka sa ta lissafo maka wuraren da take ganin halin yarukan zai iya bambanta. Abin da ta bayar kuma ya bi ta ma'aunin nan naka kafin ka karɓa. In kod ɗin na wurin aiki ne ka tabbatar an yarda a fitar da shi waje kafin ka liƙa shi a ko'ina, bayanan abokan ciniki kuwa kar su shiga sam.

Wata dabara da za ta taimake ka tun kafin juyawa: ɗauki kwafin tsohon ka sa masa alamun nau'i a kowane fankshin ka gudanar da mypy, manhajar duba nau'i ta Python, a kai. Nan za ka gano fankshin da wani lokaci yake dawo da lamba wani lokaci None wani lokaci rubutu, irin waɗannan su ne suke ba da wahala a Java, gara ka san su tun yanzu.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka mayar wa waɗanda suka ba ka aikin: dole ne kod ɗin ya zama Java, ko kuwa so ake tsarin Java ya iya kiran sa? In na biyun ne, kana iya barin Python ɗin yadda yake ka sa shi ya zama ƙaramin sabis da ake aika masa bayanai ya dawo da amsa da JSON, tsarin rubutun da manhajoji suke musayar bayanai da shi, ko Java ya tashe shi kamar kowane furogiram ya karɓi abin da ya fitar. Jython, mai gudanar da Python a kan JVM, kar ka sa rai da shi, a Python 2.7 ya tsaya. GraalPy yana gudanar da Python 3 tare da Java, sai dai ka gwada laburarenka a kai tukuna kafin ka yi alkawari. In dalilinsu shi ne babu mai iya kula da Python a wurin bayan kai, to wannan dalili ne mai ƙarfi, a juya ɗin.

Ranar da sabon ya zo daidai da tsohon a duk fayilolin gwaji, kar a kashe tsohon nan take. A bar su su yi aiki tare na wata biyu ko uku, rahoton tsohon ake amfani da shi, na sabon ana gwadawa a gefe, musamman a ga sun haye ƙarshen wata, in da hali har ƙarshen shekara, don nan ne hanyoyin kod da ba a cika bi ba suke tashi.

A yanzu dai abin da za ka yi yau: bincika sabon kod ɗin ka nemo duk inda aka rubuta double, Math.round, split, HashMap, alamar / da %, da == a kan abin da ba int ko long ba, ka gwada kowanne da takwaransa a tsohon. In ka yi haka bambancin bai tafi ba, turo fankshin ɗaya da yake ba da amsa daban, na Python da na Java, tare da layi biyu ko uku na bayanan ƙarya masu siffar na gasken da abin da kowanne ya fitar, sai mu bi shi tare.